Filin Aljihunku: "An ce za a rufe mini asusu cikin awa 24"

Masu tambaya a kan rance da adashin banki ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Wasiƙu huɗu na ware a wannan karon, domin duk rami ɗaya suke zagayawa. Kamar kullum, na cire sunaye da sunayen bankuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Gusau. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, imel ya shigo wayata ɗauke da tambarin bankin da ake biyana albashi. An rubuta cikakken sunana, aka ce ba a haɗa BVN ɗina da NIN ba, saboda haka bisa umarnin Babban Banki za a rufe asusuna cikin awa 24 idan ban latsa wani wuri na gyara ba. Kwana biyu ke nan da shigar albashi. Na latsa, shafi ya buɗe sak na bankin. Na sa lambar katina da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya. Da aka ce in sa lambar da aka turo mini ta tes, sai cajina ya mutu, ga shi babu wuta. Washegari na duba, kuɗina suna nan. Shin na tsira ke nan? Kuma in ba banki ba ne, a ina suka san sunana?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki gode wa Allah. Ni dai wannan ne karo na farko da na ji ɗauke wuta ya yi wa wani rana. Amma kada ki saki jiki, ba ki gama tsira ba. Ki ajiye mujallar nan ki toshe katin, in kin gama ki dawo mu ci gaba.

Ga dalili. Doguwar lambar da ke gaban kati, da ranar ƙarewa, da lambobi ukun baya, su kaɗai sun isa a yi sayayya a wasu shagunan intanet, musamman na ƙasashen waje, ba tare da an turo miki komai ba. Katin nan yanzu tamkar makullin da kika bari aka buga a sabulu ne. Yana hannunki, amma akwai irinsa a hannun wani. Ganin kuɗin jiya bai ce za ki gan su ƙarshen wata ba, wasu ma da gangan suke jira sai albashi ya sake shiga. Ki je reshe ki ce a kashe shi a ba ki sabo. Kuɗin sabon kati bai kai na mudun shinkafa ba.

Ita kuwa lambar da cajinki ya hana ki sawa, wato OTP, bari in gaya miki abin da ke faruwa a wancan lokacin. Kina cike shafin bogi, wani yana can zaune yana kwafar abin da kike rubutawa yana zubawa a wurin biyan kuɗi na gaske. Bankinki na gaske ya ga ana son cire kuɗi da katinki, sai ya turo miki lamba don ya tabbatar ke ce. Tes ɗin na gaskiya ne, shi ya sa yake ruɗar mutane, don yana shigowa a ƙarƙashin sauran alat ɗin da aka saba gani. Shafin da ke neman ki rubuta lambar shi ne na ƙarya. Da mutane na tsayawa su karanta tes ɗin har ƙarshe da an rage kuka, domin sau da yawa a ciki ake gargaɗin kada a ba kowa lambar, wani lokaci har da adadin kuɗin da ake shirin cirewa. Amma ido lambobi shidan nan kawai yake nema.

Batun suna kuma, Malama, sunanki ba sirri ba ne. Duk mai lambar asusunki, lambobi goman nan da kike tura wa mutane, yana iya fara taransifa ya ga cikakken sunanki ya fasa. Ki ƙara da fom ɗin neman tallafi da ake yawo da su a WhatsApp, da na ɗaukar aikin da babu shi, da manhajojin ba da rance, da takardun da muke bari a shagon hoto-kwafi. Wata ma adireshin imel ɗinta sunanta ne da na mahaifinta da shekarar haihuwa a jere. Wanda ya kira sunanki daidai ya nuna ya san sunanki ne, iyakarsa ke nan.

Turawa suna kiran wannan damfara phishing, wato kamun kifi, tun tsakiyar shekarun 1990 lokacin da ake yi wa masu amfani da kamfanin intanet na AOL a Amurka irinta. Sunan ya dace, fatsa ce. Mai fatsa kuma ba ya maƙala dutse a ƙugiya, tana yake sawa, tana ta gaske mai motsi. A watan Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni da gaske a kan haɗa asusu da BVN da NIN, ya kuma sa 1 ga Maris 2024 a matsayin ranar da za a fara hana cire kuɗi daga asusun da bai cika sharaɗi ba. Kin ji labarin a rediyo, kin ji a ɗakin malamai, don haka da imel ɗin ya zo zuciyarki ta riga ta san zancen. Haka suka yi da aka ce a haɗa layukan waya da NIN a ƙarshen 2020, haka suka yi lokacin canjin kuɗi a ƙarshen 2022 da farkon 2023, mutane na kwana a layin ATM. Duk sanda gwamnati ta yi sanarwar da ta tayar da hankalin jama'a, kakarsu ta yanke saƙa.

Ki lura kuma da lokacin. Juma'a bayan la'asar, rassan banki sun tashi, sai Litinin. An ba ki awa 24, ga shi babu ƙofar da za ki ƙwanƙwasa ki tambaya. A shekarun da na yi ina zaune a teburin sauraron koke a wani banki a Kano, safiyar Litinin ce ranar masu jajayen idanu. Ban taɓa ganin an rufe asusun mutum cikin yini ɗaya don bai amsa imel ba. Banki yana son kuɗinki su zauna a wurinsa fiye da yadda kike so.

Yanzu yadda ake duba saƙon. Sunan da ya fito a sama da manyan baƙaƙe, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin, ni ma yanzu sai in sa "Gwamnan Babban Banki" in aiko miki. Ki taɓa sunan, ainihin adireshin zai bayyana a ƙasa. Abin da ya biyo bayan alamar @ shi za ki kalla. In kin ga gmail.com ko yahoo.com, magana ta ƙare, banki ba ya aiko da saƙo daga nan. In sunan bankin ne, ki karanta harafi bayan harafi kamar kina duba jarrabawar ɗan aji uku, don sukan sa sifili a gurbin o, ko su jera r da n su ba da kamannin m, ko su liƙa wata kalma a gefe. Babban Banki da sauran hukumomin gwamnatin Najeriya adireshinsu da gov.ng yake ƙarewa. Shi Babban Banki ma ba ya riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane, ba shi da abin da zai aiko wa malamar firamare a Gusau ta cike.

Shuɗin rubutun nan ko maɓallin da aka ce ki latsa, kada ki latsa, ki ɗora yatsa a kai ki riƙe. Wayar za ta nuna miki inda zai kai ki. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa, domin daga hagu muke karantawa, mu ga sunan banki mu yarda. Shi kuwa adireshin intanet, mai gidan a ƙarshe yake, daf da karkatacciyar sandar farko, wato alamar / da ta fara biyo bayan sunan. Mu ɗauka sunan bankin "bankinki". In kin ga bankinki.com/sabunta, gidan bankinki ne. In kin ga bankinki.com.sabunta-bvn.xyz/shiga, gidan wani ne mai suna sabunta-bvn.xyz, sunan bankin allo ne kawai ya kafa a ƙofa. Kamar mutum ne ya rubuta "Asibiti" a jikin shagonsa na kemis.

Duk wannan na faɗa ne don ki sani, amma ni kaina ban dogara da shi ba, kuma ba shi nake koya wa iyalina ba. Allon waya ƙarami ne, ido na gajiya, kuma akwai gwanayen da adireshinsu ma sai ya wuce ka. Abin da ba sa iya ɓoyewa shi ne buƙatarsu. Komai kyan saƙon, a ƙarshe dole ya nemi ɗaya daga cikin abubuwan nan: lambar sirrin kati, lambobi ukun baya, OTP, ko kalmar shiga manhajar banki. Wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne, ko da muryar manajan reshenku ya zo. Ina kan teburin nan kwamfutata na nuna mini sunan mutum da hotonsa da abin da ke asusunsa, amma ba ta taɓa nuna mini lambar sirrinsa ba, kuma babu aikin da na taɓa yi wa wani da ya buƙaci in san ta. Wani dattijo ya taɓa miƙo mini katinsa da lambar a rubuce a ƴar takarda ya naɗe da kyauro, wai in taimaka masa. Sai da na sa ya canza ta a gabana, ina kallon bango.

Saboda haka in saƙo ya zo ya ce akwai matsala, ki rufe shi. Ki buɗe manhajar bankin da kika saba, ko ki kira lambar da ke bayan katinki, ko ki jira Litinin ki taka da ƙafarki. In matsalar gaskiya ce za ki tarar da ita a can tana jiran ki. Kada ki kira lambar wayar da ke cikin saƙon, ɗan'uwan ɓarawon ne zai ɗauka, da ladabi kuwa har da "ranki ya daɗe".

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wata biyu da suka wuce na buɗe wata takarda da aka liƙo a imel, wai bayanin shige da ficen asusuna. Ta kai ni wani shafi na sa kalmar shiga da lambar da aka turo. Kafin sallar isha'i an kwashe naira 640,000 a taransifa uku. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, ko yarana na shago ba su sani ba. Yanzu wani a Facebook ya ce aikinsa dawo da kuɗin da aka sace, in ba shi 50,000 ya fara. Na kuma ji an ce NDIC tana biyan wanda kuɗinsa ya salwanta a banki. Wanne zan bi?

AMSA: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Ba na son in yi maka daɗin baki: wata biyu lokaci ne mai tsawo a wannan harka. Kuɗin sata ba sa kwana inda suka sauka. Ana rarraba su cikin wasu asusun, galibi na talakawan da aka saya ko aka ara da ɗan abin goro, daga nan a cire a POS ko a juya su kuɗin kirifto. Awannin farko su ne masu daraja, lokacin da bankinka zai iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka shiga a riƙe abin da ya rage. Kunyar nan ta ci maka fiye da yadda kake zato.

Duk da haka ka je gobe. Ka rubuta koke a takarda, ka sa ranaku da adadin kowace taransifa, ka haɗa da hoton imel ɗin da na alat, ka karɓi lambar koke, kada ka fito ba ita. In mako biyu ya wuce ba su yi komai ba, ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki. Ka kai rahoto wurin ƴan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ambaci wannan damfara da sunanta a sashe na 32, da hukuncin ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun. Ni a ganina tarar ta yi kaɗan ga mai iya kwashe fiye da rabinta a dare ɗaya daga mutum ɗaya, amma wannan zancen wata rana ne. Ka sani kuma, tun da da hannunka ka sa lambar, banki zai ce ba laifinsa ba ne, kuma da wuya ya biya daga aljihunsa. Fatan da ake yi shi ne a tarar da wani abu a asusun da kuɗin suka bi.

NDIC inshora ce ta ranar da banki ya durƙushe, kamar yadda aka gani da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, inda take biyan kowane mai ajiya har zuwa naira miliyan biyar. Bankinka yana nan da ransa, don haka ba huruminta ba ne.

Mutumin Facebook kuwa, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Masu "dawo da kuɗi" reshe ne na sana'ar, wani lokaci ma waɗanda suka yi satar farko ne ke dawowa da wata riga, tun da sun fi kowa sanin an cuce ka. Bayan 50,000 za a ce kuɗin lauya, bayan lauya kuɗin buɗe asusun da aka kulle.

Game da kunya, ka ji wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya riƙa aika wa Google da Facebook imel da takardun neman biya na bogi, da sunan wani kamfanin Taiwan da suke sayen kaya a wurinsa. Suka biya shi fiye da dala miliyan 100. A 2019 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar. Google ɗin nan fa shi ne kamfanin da ya ƙera Gmail ɗin da ke wayarka. Ka tara yaranka na shago ka ba su labarin abin da ya same ka, domin su ne ke riƙe da wayar shago in ka tafi masallaci. Ka canza kalmar shiga imel ɗin ma, ba ta banki kaɗai ba, ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato bayan kalmar shiga sai an sa wata lamba da za ta zo wayarka, don wanda ya mallaki imel ɗinka yana iya sake buɗe ƙofofi da yawa da shi.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Zariya. An koya mana cewa shafin da ke da alamar kwaɗo, wanda adireshinsa ya fara da https, amintacce ne, kuma ana gane saƙon ƴan damfara da gurɓataccen Turanci. Haka ne?

AMSA: Ɗana, karatun ya tsufa. Kwaɗon yana nufin abin da ka rubuta zai isa wurin mai shafin ba tare da wani ya leƙa a hanya ba. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba. Takardar shaidar da ke kawo kwaɗon kyauta ake samun ta yau, ɓarayi ma suna da ita. Saboda wannan rashin fahimtar ne manhajar shiga intanet ta Chrome ta cire alamar daga gefen adireshi a 2023. Rashin kwaɗo dalilin gudu ne, samunsa ba dalilin yarda ba ne.

Gurɓataccen Turanci alama ce in ka gan shi, amma kada ka jira shi. Kwafar saƙon banki na gaske su canza maɓalli ɗaya ba ya ɗaukar minti biyar, ga manhajojin da ke rubuta wa mutum wasiƙa tsaf. Na fara ganin masu zuwa da Hausa ma, har da sallama da "muna baku haƙuri".

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikaci ne ɗan fansho a Azare. Ba ni da imel, wayata ma ƙarama ce mai tocila. Ashe ni wannan bala'i ba zai same ni ba?

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ƙugiyar ɗaya ce, kogin ne daban. Ku ta kira suke zuwar muku. Za a ce daga banki ne ko daga ofishin fansho, ana tantancewa, a karanto muku sunanku da ranar haihuwa, wataƙila har da BVN, sannan a ce ku karanto lambar da ta shigo yanzu ko abin da ke jikin kati. Ku ce musu za ku zo ofis da kanku, ku kashe wayar. Ba rashin kunya ba ne.

Wayar taku mai tocila ita ce bankinku, domin da layin ake tura kuɗi ta lambobin nan masu tauraro. Ku sa jikanku ya saka wa layin lambar sirri, yadda ko an sace wayar an zura layin a wata ba zai buɗe ba, amma a yi a hankali, kuskure uku yana kulle shi. Ku tambayi bankinku lambar toshe asusu ta gaggawa, a bankuna da dama da 911 take ƙarewa kuma ana iya buga ta daga wayar wani. Ku rubuta ta a takarda ku sa a aljihun da ba na waya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma kuka wayi gari layinku ya ɗauke sabis alhali na maƙwabta yana aiki, kada ku ce sai an kwana biyu zai dawo. Mai yiwuwa wani ne ya je ya karɓi layin da sunanku. Ku toshe asusun a ranar, sannan ku nufi ofishin kamfanin layin da katin shaidarku.